Anti, sufabaiza ya ce in koma Scopus, na shiga na rasa inda zan dosa

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, ina mastas shekara ta biyu, bincikena a kan yadda latsa waya da daddare ke shafar barcin ɗalibai da karatunsu ne. Na kai wa sufabaiza babi na biyu, bitar ayyukan da suka gabata, ya dawo min da shi jajawur da jan biro, wai manazartata duk tsofaffi ne, wasu ma daga shafukan da ba a san masu su ba, in je in yi amfani da Scopus da Web of Science, wato rumbunan neman maƙalolin bincike a intanet, tunda laburaren jami'a na biyan kuɗinsu. Na ce to, kamar na gane. Daga gida ya ƙi buɗewa, da na samu ya buɗe a makaranta na rubuta taken aikina gaba ɗaya ya ce babu komai, na rage kalmomi ya kwaso min dubbai, wanda na danna kuma aka ce in biya kuɗi. Kunya nake ji in koma in ce masa ban iya ba, 'yan ajinmu kowa na nuna shi gwani ne. Wata ƙawata ta ce in daina wahalar da kaina, in sa AI ya haɗa min manazarta ko in biya wani ya yi min. Wallahi har na fara tunanin ko ni ce ban dace da karatun nan ba. Dan Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar ba ki dace da karatu ba ki ajiye ta gefe tukuna, domin duk abin da kika lissafa, daga ƙin buɗewa a gida har zuwa neman kuɗi, haka abin yake yi wa kowa ran da ya fara taɓa shi, ba wanda aka haifa da iya shi, kawai dai ba a koya miki ba ne kuma kin ce "to" a inda ya kamata ki ce "Malam ta yaya". Su 'yan ajin naku kuma ki bar su da bakinsu, da yawa Google kawai suke shiga su kwashi abin da ya fara fitowa.

Kin shiga wajen ne da tunanin rumbun maƙaloli ne da za ki buɗe ki ɗebo, shi ya sa ranki ya ɓaci. Scopus da Web of Science ba su ajiye cikakkiyar maƙala, abin da ke cikinsu shi ne take, da sunayen marubuta, da tsakure, da jerin manazartar kowace maƙala, sannan babban abin da ya sa jami'o'i ke zuba kuɗi a kansu, wato wa ya ambaci wa. Wani Ba'amurke ne mai suna Eugene Garfield ya kawo dabarar a 1955, a 1964 cibiyarsa ta fitar da Science Citation Index a matsayin manyan littattafai da mutum zai zauna yana buɗawa da hannu, shi ne daga baya ya hau intanet ya zama Web of Science da ke hannun kamfanin Clarivate yanzu. Scopus na Elsevier ne, a 2004 ya fito. To idan kin danna maƙala aka ce ki biya, ki sani kin riga kin fita daga Scopus, kin faɗa shafin kamfanin da ya buga mujallar, shi kuma bai san ke ɗalibar wata jami'a ba ce sai in ta ƙofar laburare kika biyo.

Wannan ƙofar ita ce matsalarki ta gida. A cikin makaranta intanet ɗin jami'a ne ke gabatar da ke, kamfanin na ganin adireshin ya buɗe. A gida kuwa ba ya ganin komai, don haka kar ki rubuta Scopus a Google ki shiga kai tsaye, ki fara buɗe shafin laburaren jami'arku, ki nemi jerin rumbunan da suke biya, ki danna daga can, zai tambaye ki lambar ɗalibi ko imel ɗin makaranta da kalmar sirri. Wasu jami'o'in VPN suke bayarwa, wato manhajar da ke sa a gan ki kamar kina kan intanet ɗin makaranta, wasu kuma a shafin kamfanin za ki ga inda aka ce ki shiga ta sunan cibiyarki, ki zaɓi jami'arku. Wanne ne naku, ma'aikacin laburare zai faɗa miki a minti biyar. Kuma kar ki biya ko sisi a kan maƙala guda. In laburarenku bai da mujallar, ki tambaya ko suna aro daga wani laburare, ki sa Unpaywall a burauzarki, kyauta ne, yana nemo miki halastaccen kwafi in marubucin ya ajiye a wani wuri, in duk ya faskara ki tura wa marubucin imel na layi uku, adireshinsa na jikin maƙalar, da yawansu murna suke yi an nemi aikinsu. Abu biyu dai ki kiyaye, kar ki ba wa kowa kalmar sirrinki, kuma kar ki zauna kina sauke ɗaruruwa a jere, kamfanonin na lura, suna iya toshe jami'ar gaba ɗaya saboda mutum ɗaya.

Yanzu binciken kansa. Da kika zuba taken aikinki duka, abin da kika ce wa injin shi ne ya nemo miki maƙalar da kowace kalma a ciki ta bayyana, har da su "tasiri" da "nazari" da sunan wurin da za ki yi aikin, ai dole ya ce babu. Ki ɗauki takarda ki tsaga taken gida uku, waya, barci, ɗalibai. A ƙarƙashin kowanne ki rubuta duk sunayen da masu bincike za su iya kiransa da Turanci, tunda akasarin abin da ke ciki da Turanci yake. Sai ki ba kowane gida layinsa a shafin binciken, akwai maɓallin ƙara layi. Layin farko smartphone OR "mobile phone" OR "screen time", na biyu sleep OR insomnia, na uku student* OR adolescen*, tsakanin layukan ki bar AND. Alamar zance da kika gani tana riƙe kalmomi biyu su zo a manne, tauraron kuma yana kamo duk ƙarshen da kalmar za ta iya ɗauka, adolescen* zai kawo adolescent da adolescents da adolescence lokaci guda. OR na faɗaɗawa, AND na matsewa, in sun yi yawa ki ƙara layi na huɗu na sakamakon karatu, in sun yi kaɗan ki cire ɗaya. Ki tabbatar a take da tsakure da muhimman kalmomi kike nema. A gefen hagu akwai matatu, ki rage shekaru, ki zaɓi nau'in takarda Review, waɗannan su ne maƙalolin da wani ya riga ya karanta ayyuka da yawa ya tattara ya auna su, da su ake fara shiga sabon fanni.

Amma gaskiya duk wannan share fage ne, ni abin da nake so ki tafi da shi daban ne, kuma shi nake zaton sufabaizanki yake nufi ko da bai faɗa ba.

Ki nemi maƙala uku kacal waɗanda suka faɗa daidai kan abin da kike yi, waɗanda in kin karanta tsakurensu za ki ce wayyo wannan ai aikina ne, ɗaya daga ciki ta zama ta bita. Daga nan ki daina rubuta kalmomi, ki koma bin salsala. Kowace maƙala tana da iyaye da kakanni, su ne ke cikin manazartarta, tana kuma da 'ya'ya da jikoki, su ne waɗanda suka zo bayanta suka ambace ta. Iyaye da kakannin kowa ya iya nemowa, juya shafin ƙarshe kawai ne. Nemo 'ya'ya da jikokin ne ba ya yiwuwa da hannu, don maƙalar da aka buga a 2015 ba yadda za a yi ta gaya miki wa zai yi magana a kanta a 2023, wannan aikin shi rumbun ya yi miki. Ki buɗe maƙalar a Scopus, za ki ga Cited by da lamba a gefensa, a Web of Science Citations ne, ki danna lambar nan. Jerin da zai fito duk mutanen da suka ɗora a kan aikin ne, ko suka gwada shi a wata ƙasa, ko suka ce ba haka ba ne. Ki jera su daga sabo zuwa tsoho, ga sababbin manazartar da ake ce miki ba ki da su, kuma ba tsintar su kika yi a hanya ba, kin san daga gidan da suka fito.

Bari in ba ki misali da fanninki. Yawancin masu auna ingancin barci da takardar tambayoyi suna amfani da wani ma'auni da ake kira Pittsburgh Sleep Quality Index, Buysse da abokan aikinsa ne suka buga shi a 1989. Galibin waɗanda suka yi aiki da shi sukan ambaci wannan maƙalar. To ki nemo ta, ki danna jerin masu ambatonta, za ki ga tuli guda wanda ba ya karantuwa, kar ki tsorata, akwai ɗan akwatin bincike a cikin sakamakon, ki rubuta smartphone a nan. Abin da zai rage shi ne mutanen da suka auna barci da ma'auni ɗaya kuma suka duba waya, wato waɗanda za ki iya jera sakamakonsu kusa da naki ki kwatanta. Ko da wani ya kira abin da sunan da bai zo miki a rai ba, ya ce amfani da na'ura kafin kwanciya ko wani abu can, indai ya ambaci wanda kowa ke ambata yana cikin babban jerin, sauya kalmar da kika tace da ita kawai za ki yi ya faɗo hannunki. Kin ga kuma wannan ta 1989 ce amma ba wanda zai ce ki cire ta, tsufa ba laifi ba ne in maƙalar tushe ce. Inda malaminki ke da gaskiya shi ne, iPhone a 2007 ya fito, aikin da aka yi kafin nan a kan talabijin da ƙananan wayoyi ba zai ɗauke miki nauyin magana a kan wayar yau ba.

Ki yi haka da duk ukun, baya da gaba, ki ɗauki masu kyau daga abin da kika samu ki sake bi. Za ki lura da wani abu, sunaye ƙalilan na ta dawowa, duk inda kika bi sai kin ci karo da su. Waɗannan su ne dole a babinki, in babu su duk malamin da ya san fannin zai gane a shafi na farko. Ranar da kika bi sabuwar maƙala kika ga kusan duk wanda ta ambata kin riga kin san shi, to kin kewaye fannin, ki tsaya ki fara rubutu. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa, tara maƙaloli akwai daɗi, ji kake kamar aiki kake, wata uku su wuce ba a rubuta sakin layi ɗaya ba.

Sai dai lambar ambaton nan kar ta ruɗe ki. Tana nuna an yi magana a kan aikin, ba ta nuna aikin daidai ne. Maƙalar da wani likita Andrew Wakefield ya buga a mujallar The Lancet a 1998, wadda ta alaƙanta wata allurar rigakafin yara da larurar otizim, an gano ba gaskiya ba ce mujallar ta janye ta a 2010, amma tana da ɗimbin ambato har bayan janyewar, da yawa masu ƙaryata ta ne. A ɗaya ɓangaren kuma, da mujallar Nature ta duba a 2014, maƙalar da ta fi kowace yawan ambato a Web of Science ita ce ta wani masani Lowry da abokan aikinsa ta 1951, sama da 300,000, kuma ba wani gagarumin binciken da ya girgiza duniya ba ne, hanyar auna furotin ce da kowa ke buƙata a ɗakin gwaji. Sannan maƙalar bara, ko ta fi kowacce kyau, ba ta samu lokacin da za a ambace ta ba tukuna. Don haka ki jera sau biyu, sau ɗaya da yawan ambato don ki ga manya, sau ɗaya da kwanan wata don ki ga sababbi, kuma in maƙala ta zama ginshiƙin hujjarki ki buɗe biyu uku daga masu ambatonta ki karanta ainihin jimlar da suka ambace ta a ciki, yabo ne ko suka. Su impact factor da h-index da za ki ji ana ta faɗa, na auna mujallu ne da malamai, rigimar masu neman ƙarin girma ce, ke ba ruwanki da su yanzu.

Wani abin da ba kasafai ake faɗa wa ɗalibai ba, rumbunan nan biyu zaɓe suke yi, ba duk mujallun duniya ne a ciki ba. Sun fi ƙarfi a kimiyya da likitanci da abin da aka rubuta da Turanci, littattafai da kundayen digiri da mujallun ƙasashe masu tasowa da yawa ba su shiga ba. Zaɓen yana da amfani, yana rage miki haɗuwa da mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai ba tantancewa, amma yana nufin in ba ki ga abu a Scopus ba kar ki yi saurin rubuta cewa ba a taɓa yin bincike a kai ba, jimlar nan ta sha kunyata mutane a ranar difens, wato ranar kare kundi a gaban malamai. Ki leƙa PubMed, kyauta ne kuma barci harkar lafiya ce, ki leƙa ERIC don ɓangaren ilimi, PsycINFO in laburarenku na da shi, da AJOL don mujallun Afirka. Google Scholar ma ban hana ki ba, shi ma yana da Cited by kuma ya fi su faɗi, kawai dai ba ya tacewa sosai, mai kyau da tarkace duk yana kwasowa. Ki shiga saitinsa ki nemi Library links ki sa sunan jami'arku, daga nan zai riƙa nuna miki waɗanda laburarenku ya riga ya biya.

Tun daga ranar farko ki sauke manhajar Zotero, kyauta ne, duk maƙalar da ta yi miki ki jefa ta ciki, shi zai tsara miki manazarta a salon da sashenku ke so, kuma yana sa jan gargaɗi a kan wadda aka janye. Ki kuma buɗe ɗan fayil ki riƙa rubuta rumbun da kika shiga, kalmomin da kika sa, ranar, da adadin da ya fito. Yanzu za ki ga kamar ɓata lokaci ne, sai ran da aka tambaye ki yadda kika zaɓi ayyukan da kika yi bita.

Shawarar ƙawarki kuwa, a'a. Manhajojin AI na hira suna iya ƙirƙiro maƙalar da ba ta wanzu ba, da sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske da shekara har da lambar shafi, ki gani ki rantse akwai ta. Sufabaizan da ya san Scopus kwafar taken kawai zai yi ya liƙa, in bai fito ba kin tashi daga ɗalibar da manazartarta suka tsufa kin koma wadda ake zargi da ƙage, wannan kuma yana iya kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa. In za ki yi amfani da shi ki tsaya a neman ƙarin kalmomin bincike, duk maƙalar da ya ambata miki kuma sai kin sa lambar DOI ɗinta, wato lambar shaidar maƙalar, a doi.org kin ga ta buɗe kin karanta da idonki. Wanda za ki biya ɗin ma, ba shi zai tsaya a difens ba, ke za a tambaya me ya sa kika yarda da wane kika bar wane.

Abin da zan so ki yi a satin nan, ki je laburare da kwamfutarki da taken aikinki a rubuce, ki ce ina ma'aikacin da ke kula da rumbunan intanet ko mai taimaka wa 'yan digiri na biyu. Wannan aikinsa ne, an horar da shi a kai, ba shi zai ba ki maki ba balle ki ji kunyarsa, kuma laburare da yawa na shirya ɗan horo a kan wannan wanda ɗalibai ba sa zuwa. Ki sa ya haɗa miki shiga daga gida a gabanki, ki gwada da datar wayarki kafin ki bar wajen don ki tabbatar ya yi, ki buɗe asusunki na kanki a Scopus ki adana binciken ki kunna sanarwa, duk sabuwar maƙalar da ta shigo za ta same ki a imel.

Shi kuma Malam, ba sai kin je kin ce masa ba ki iya ba, kuma ba sai kin ɓoye ba. Ki bari sai kin yi zagayen farko, ki je masa da shafi ɗaya, ga kalmomin da na nema da su, ga maƙala uku da na fara da su, ga sunayen da na ga suna ta maimaituwa, Malam akwai wanda ya kamata in gani da ba ya cikin nan? Zai iya jefo miki suna biyu ko uku daga kansa, ki rubuta su a take kafin ki fita daga ofis ɗin, su ma ki je ki danna Cited by ɗinsu. Allah ya ba da sa'a.